Gidan sinimar Amurka mai siffar masallaci: Me ke cikin zauren Fox na Atlanta?

Baƙon da ya biyo titin Peachtree a birnin Atlanta na jihar Jojiya zai iya rantsewa cewa masallaci ya hango. Ga ƙubba, ga hasumiyoyi, ga ƙofofi masu baka irin na gine-ginen Andalus. Sai dai ba don salla aka yi ginin ba. Gidan sinima ne mai suna Fox, wanda aka buɗe ranar 25 ga Disambar 1929, kuma abin da ke cikinsa ya fi na wajen ban mamaki.

Babban zauren kallon yana ɗaukar mutum 4,665. Amma wanda ya zauna a ciki ba ya jin kamar a ɗaki yake. An tsara wurin ne domin mai kallo ya ɗauka cewa yana zaune a tsakar gidan wata fadar Larabawa, bayan faɗuwar rana. Ganuwa ce ta kewaye shi dama da hagu, da zankwaye da tagogi da ƙananan barandu. Ta saman dandamali kuma wata gada ce ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, an jera mata fitilu.

Idan ya ɗaga kai, ba zai ga silin ba, sai sararin samaniya shuɗi mai duhu. Akwai taurari 96 da aka dasa a ciki, kimanin kashi ɗaya cikin uku suna ƙyaftawa. Wata na'ura mai kama da majigi tana haska gizagizai, suna tafiya a hankali kamar iska ce ke kora su.

Waɗanda suka san tsofaffin gidajen sinima na arewacin Najeriya za su yi murmushi a nan. Galibinsu fili ne a buɗe, sai dare ya yi ake haska fim, kuma taurarin da ke bisa kan 'yan kallo na Allah ne. Abin da ake samu kyauta a can shi aka kashe dukiya aka ƙera a Atlanta, tare da tabbacin cewa ruwan sama ba zai tashi taro ba.

An daɗe ana raɗe-raɗin cewa ɗaya daga cikin taurarin ba komai ba ne illa ɓarin kwalbar Coca-Cola, kamfanin da hedkwatarsa ke birnin. A 2010 ma'aikatan gyaran gidan suka hau saman silin suka bincika, suka kuma tarar da gaskiya ne.

Dutsen da ba dutse ba

Sirrin zauren shi ne kusan duk abin da ido ya gani ba shi ba ne. Ganuwar da ke kama da sassaƙaƙƙen dutse filasta ce, dangin wadda ake silin ɗin zamani da ita, aka zuba a ma'auni, aka yi mata fenti har ta yi kama da ginin da ya ga shekaru. Haka ma wuraren da ke kama da katako, da yawansu aikin mai fenti ne.

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne wata ƙatuwar rumfa mai ratsi-ratsi da ke bisa kujerun bene. Duk wanda ya kalle ta zai ce tantin makiyayan Larabawa ne aka kafa da ƙyalle, har da ɗan lotsawar da yadi ke yi idan an ɗaure shi. Alhali filasta ce da sandunan ƙarfe, ba ta motsi ko kaɗan. Kuma ba don ado kawai aka yi ta ba. Tana tare sautin da ya taso daga dandamali ta mayar da shi ga na can baya, abin da ke da muhimmanci a zamanin da lasifika ba ta yi ƙarfin ta yau ba.

Barandun da ke gefen dandamali, masu raga da ruwan zinare, su ma ba a yi su don wani ya zauna ba. A bayansu aka ɓoye bututun wani ƙaton abin kiɗa mai aiki da iska, irin wanda ake gani a manyan majami'u, wato ogan. Kamfanin Möller ne ya ƙera shi, yana da bututu 3,622, mutanen Atlanta kuma suna yi masa laƙabi da Mighty Mo. Ban da kiɗa, yana kwaikwayon kukan tsuntsaye da jiniya da sauran sautuka, domin irinsa aka saba amfani da shi wajen raka finafinai marasa magana. Teburin da makaɗin ke zama yana tasowa ne daga ƙasa a gaban jama'a, ya sake nutsewa idan an gama.

A nan gwanintar masu tsara ginin take. Kamfanin Marye, Alger da Vinour ne ya yi zanen, kuma Olivier Vinour, haifaffen Faransa, shi ake jingina wa yawancin aikin. Ba su bar wani abin amfani tsirara ba, sai sun sa masa riga. Hatta labulen dandamali an yi masa ɗinkin hannu da ƙyalƙyali da duwatsu masu walƙiya, da hotunan masallatai da mahaya.

Daga ina aka samo wannan fasali?

Ba 'yan fim ne suka fara ginin ba. Wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ce ta maza da ake kira Shriners, wadda ta samo asali a birnin New York a farkon shekarun 1870, kuma mambobinta daga cikin 'yan Freemason suke fitowa. Ba ƙungiyar Musulmi ba ce, amma ta ari sunaye da alamomi daga ƙasashen Musulmi. Mambobinta suna sa jar dara mai tunku, da hoton takobi da jinjirin wata a goshi. Rassanta na da sunaye irin su Makka da Madina. Reshen Atlanta sunansa Yaarab, kuma ginin da ya ƙuduri yi a matsayin hedkwata, da bakinsa ya kira shi "masallaci".

Burin ya fi ƙarfin aljihu. Kafin a kammala aiki kuɗi suka yanke, sai ƙungiyar ta ba attajirin finafinai William Fox hayar babban zauren. Da haka aka samu ƙarasa ginin, wanda ya lashe kusan dala miliyan 3, aka kuma raɗa masa sunan ɗan hayar.

Fox bai ga wani abin gyarawa a wannan fasali ba, domin shi ne yayin lokacin. A shekarun 1920 masu gidajen sinima a Amurka suna gasar gina abin da suke kira fadar fim. Akwai maganar da ake jingina wa ɗaya daga cikinsu, Marcus Loew, cewa su tikitin shiga gini suke sayarwa, ba na fim ba. Leburan masana'anta ko mai aikin shago zai biya 'yan sulalla, ya taka kafet mai laushi, ma'aikaci cikin kaki ya raka shi har kujera, ya yi sa'o'i biyu ko uku yana jin kansa basarake. Fim ɗin na iya zama maras daɗi, amma ginin ba ya ba da kunya.

Salon rufin da ke kwaikwayon sararin samaniya kuwa, wani mai zanen gine-gine John Eberson ne ya yaɗa shi, tun daga gidan Majestic da ya yi a Houston a 1923. Masu kuɗi sun so salon saboda dalili mai sauƙi: shafa wa silin shuɗin fenti da dasa ƙananan fitilu ya fi arha a kan ƙubba mai sassaƙa da manyan fitilun lu'ulu'u.

Sai kuma batun Gabas. A lokacin Amurkawa na cikin shauƙin duk wani abu da ya shafi Larabawa da Masar. Finafinai irin su The Sheik na 1921 da The Thief of Bagdad na 1924 sun yi kasuwa, labaran Dare Dubu da Ɗaya sun shiga ko'ina, ga kuma gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922. Shi ya sa a cikin ginin Fox ɗin ma aka haɗa gambiza. Babban zaure na Larabawa ne, amma akwai wani zauren biki da aka kwaikwayo daga wurin bautar Karnak na Masar ta dā, ɗakin hutawar mata kuma yana da kujera mai kama da gadon mulkin Tutankhamun. Babu wani gari a duniya da aka taɓa samun waɗannan abubuwa a wuri guda, kuma ga alama hakan bai dami kowa ba.

Wannan shi ne irin abin da masani ɗan asalin Falasɗinu, Edward Said, ya soka a littafinsa Orientalism na 1978: Turawa su ƙirƙiri Gabas daidai da mafarkinsu, su bar ta gaskiya a gefe. Musulmin da ya shiga Fox yana da hujjar jin wani iri idan ya ga an mai da hasumiya abin jan 'yan kallo. Duk da haka zai yi wuya ya musa cewa masu aikin hannun sun san sana'arsu. Wanda ke neman hasumiya ta gaskiya a Atlanta a yau, ba sai ya yi nisa ba: masallacin Al-Farooq, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2008, yana yankin tsakiyar birnin.

Ƙofar gefe

Ba kowa aka gayyata wannan mafarki a kan sharaɗi ɗaya ba. Atlanta na kudancin Amurka ne, inda dokokin wariyar launin fata ke aiki. Baƙar fata ba ya bin babbar ƙofar Peachtree. Yana da wurin sayen tikitinsa daban a gefen ginin, daga nan ya hau dogon matakala zuwa can ƙololuwar bene, inda aka ware kujeru 188 kacal a bayan wata katanga.

Ginin da ya ari adonsa daga Arewacin Afirka, sai ga shi yana tura jikokin 'yan Afirka saƙo mafi nisa daga dandamali.

A watan Nuwamban 1946 aka yi bikin fara nuna fim ɗin Song of the South na kamfanin Disney a wannan zaure. James Baskett, baƙar fatar da ya fito a matsayin jigon fim ɗin, bai halarta ba, domin tsarin wariyar birnin ba zai bari ya shiga shagulgulan tare da abokan aikinsa ba. Sai a 1962 aka daina raba 'yan kallo a gidan. Martin Luther King, wanda aka haifa a Atlanta a shekarar da aka buɗe Fox, yana da shekara 33 a lokacin.

Yadda ya tsallake rushewa

Tun farko gidan bai shigo da ƙafar dama ba. An buɗe shi wata biyu bayan kasuwar hannayen jari ta Amurka ta durƙushe. Daular William Fox ta wargaje, kuma a ƙarshen 1932 aka yi gwanjon ginin a kan dala 75,000. Ya farfaɗo daga baya, ya yi tashe a shekarun 1940 da 1950, kafin talabijin ta shiga gidaje, masu hali kuma su ƙaura zuwa unguwannin bayan gari. Cika kujeru fiye da 4,000 don kallon fim ɗaya ya zama tarihi.

Takwarorinsa da yawa ba su kai labari ba. An rushe Roxy na New York a 1960, aka rushe Fox na San Francisco a 1963. Gidan Michigan da ke Detroit kuwa an mai da shi wurin ajiye motoci, har yau ana ganin ragowar adonsa a saman motocin.

A 1974 kamfanin wayar tarho na Southern Bell ya nemi sayen filin Fox domin ya share ginin ya kafa ofishinsa. Mazauna birnin suka yi ca. Aka ƙaddamar da gangamin ceto gidan, aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta, Atlanta Landmarks, wadda ta ci bashin dala miliyan 1.8 ta karɓi ginin. Kamfanin ya koma ya yi doguwar benensa a filin da ke maƙwabtaka. A 1976 gwamnatin tarayya ta sa Fox cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma a 1978 aka gama biyan bashin tun wa'adi bai cika ba.

Ba don finafinai mutane suka fito ba, domin akwai wuraren kallo barjat a lokacin. Saboda taurarin nan da rumfar filasta suka fito, wuraren da iyayensu suka kai su suna yara. Adon da aka yi don jawo masu sayen tikiti shi ya hana a rushe ginin.

Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka akwai Joe Patten, wanda tun a 1963 ya sadaukar da watanni yana gyara Mighty Mo bayan ya daɗe a lalace. Daga baya aka ba shi masauki a cikin ginin, ya shafe shekaru fiye da 30 a can. Lokacin da gobara ta tashi a 1996, yana cikin waɗanda aka yaba wa da saurin ankarar da 'yan kwana-kwana. Ya rasu a Afrilun 2016, watan da mawaƙi Prince ya yi wasansa na ƙarshe a kan wannan dandamali, mako guda kafin mutuwarsa.

A yau wasannin kwaikwayo da na kiɗa ne ke riƙe da gidan, fim kuma sai jefi-jefi. Yana da sashen gyara na dindindin, wanda aikinsa shi ne bin filasta da fenti da kafet da kujeru, a mayar da duk abin da ya tsufa yadda yake a 1929. Masu kula da ginin sun yanke shawarar cewa wannan adana ya haɗa da tagar sayar da tikitin baƙar fata da katangar da ke can saman bene. Ba a amfani da tagar, amma ba a cire ta ba, ita ma katangar tana nan inda aka gina ta.