Idan yaro ya fi kula murfin kwalba fiye da fuskar uwarsa

Jariri tun yana ɗan kwanaki a duniya fuskar mutum ce abin da ya fi jan idonsa. Kafin ya cika shekara, in aka kira sunansa yakan waiwayo. Daga baya kuma, in kyanwa ta gifta, sai ya nuna ta da yatsa, ya ɗago ya dubi uwarsa don ta taya shi gani. Daga wannan ɗan kallon yaro ke koyon magana da zama da jama'a.

Akwai yaran da nasu ya bambanta. Za ka ga yaro ya jera murafun kwalba a layi ɗaya, ko ya kifa motar wasa yana ta juya tayarta, ko ya ƙura wa fanka ido. A kira shi har sau uku, ko gezau. In yana son ruwa, sai ya ja hannun babba ya kai shi bakin randa ba tare da ya kalli fuskarsa ba.

Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana wannan a 1943, bayan ya nazarci yara 11 da suka fi sakewa da kaya fiye da mutane. Lalurar ita ce otizim, wadda kafafen labarai na Hausa kan kira galahanga. A 2011 Karen Pierce da abokan aikinta a San Diyego suka nuna wa ƙananan yara allo mai gefe biyu, ɗaya yara na rawa, ɗaya zane-zane masu motsi, na'ura tana bin idanunsu. Waɗanda suka liƙe wa zanen, akasarinsu masu lalurar ne. Sai dai da yawa daga masu ita yaran da ke rawa suka kalla, don haka alama ɗaya ba ta yanke hukunci. 

Kowane yaro na son gwangwani da cokali. Abin lura shi ne ko yana kawo maka abin wasan ya nuna, ko kuwa ya keɓe da shi.

Lalurar otizim ba shafar aljanu ba ce, ba kuma sakacin uwa ba ne. Yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne. Kada a ƙwace murafun, kada a doki yaron. A zauna ƙasa tare da shi, a miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, a riƙe na gaba kusa da fuskar babba ana faɗin sunansa, a jira ya ɗago. Abin da yake so shi ne hanyar isa gare shi.

Iyaye, in yaro ya kai wata 18 ba ya nuni da yatsa, ba ya amsa sunansa, a kai shi wurin likitan yara, a fara da gwajin ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma taimakon da aka fara da wuri ya fi amfani.