IDON TELEBIJIN A ƊAKIN 'YAN ƘWALLO: GYARA NE KO ƁARNA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Gauraka

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kudu, duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna in zai tafi ganin gida, ya san Gauraka, nan bakin Suleja. A nan, kamar yadda yake a Agege ko Sabo, da magariba ta yi sai ka ga samari sun yi cincirindo a gidajen kallon ƙwallo.

Wani dare da babu wasa, mai gidan kallon da nake zuwa ya sa mana wani fim na kulob ɗin Arsenal, wanda ke nuna abin da ke gudana a ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya da ofishin kocinsu. Kafin a gama gardama ta kaure. Wasu suka ce ai wannan shi ne gaskiya, a nuna wa magoya baya kome. Wani dattijo direban babbar mota kuwa ya ce shi abin kunya ya gani, don a gidansu ba a yi wa yaro faɗa a gaban baƙi. Wannan gardama ce ta sa na ga ya kamata mu duba al'amarin tare.

MENE NE AMFANIN ƊAKIN?

Wanda bai taɓa buga ƙwallo ba zai zaci ɗakin nan wurin sa riga da takalmi ne kurum. Alhali kuwa nan ne zauren kulob. In an tafi hutun rabin lokaci, minti 15 kaɗai koci ke da shi ya faɗa wa kowa laifinsa. Nan kyaftin zai dubi abokinsa ya ce masa ka yi lalaci, nan wanda ya ɓarar da fanareti zai yi kukansa, a ba shi haƙuri. Abin da ke sa a jure wannan ɗaci shi ne kowa ya san maganar ba za ta wuce ƙofa ba. To, in aka kafa na'urar ɗaukar hoto a kusurwa, an rufe ƙofa ke nan amma an cire bango.

Abin ba yau ya fara ba. A 1995 gidan telebijin na Channel 4 a Ingila ya nuna fim a kan wani ƙaramin kulob na Landan mai suna Leyton Orient. A ciki aka ga kocinsu, John Sitton, ya fusata a hutun rabin lokaci, ya kori wani tsohon ɗan wasansa, Terry Howard, nan take a gaban 'yan'uwansa. Kulob ɗin ya faɗa rukunin ƙasa a wannan shekara. Shi kuwa Sitton bai sake samun riƙon wani babban kulob ba, daga baya tuƙin tasi ya koma a Landan. Fushin 'yan mintoci ya zama shi ne sunansa har yau.

KUƊI SUN SHIGO

Abin da ya sa harkar ta bunƙasa a zamanin nan kuɗi ne. Kamfanin Amazon ya bi Manchester City a kakar wasa ta 2017 zuwa 2018, ya bi Tottenham a ta 2019 zuwa 2020, sa'an nan Arsenal a ta 2021 zuwa 2022. Jaridun Ingila sun ce abin da aka biya Tottenham ya kai wajen fam miliyan 10. Masu kulob ne ke sa hannu su karɓi kuɗin, amma ɗan wasa da koci ne ke kwana su tashi da na'ura a kansu.

A fim ɗin Tottenham an ga abu biyu da ya kamata a auna. Na farko, a watan Yuli na 2020, a wasansu da Everton, kyaftin Hugo Lloris ya tasar wa Son Heung-min ɗan Koriya ta Kudu da faɗa don bai dawo tsaron baya ba, rigimar ta bi su har cikin ɗaki sai da aka shiga tsakani. Suka ci wasan ɗaya ba ko ɗaya, suka rungumi juna, magana ta mutu. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma da fim ya fito bayan 'yan watanni, sai aka tono faɗan da masu shi suka riga suka binne, duniya ta yi ta juya shi.

Na biyu ya fi muni. Danny Rose ya shiga ofishin koci Jose Mourinho don ya tambayi dalilin da ya sa ba a sa shi wasa, magana ta yi zafi, ya fita a fusace. A watan Janairu na 2020 aka ba da shi aro ga Newcastle, bai sake buga wa Tottenham babban wasa ba. Daga baya ya ce bai san akwai na'ura a ofishin ba sa'ad da ya shiga. To, ku duba, in kai ne abokin wasansa, gobe ka shiga ofishin nan ka faɗi abin da ke cikinka? Ba za ka faɗa ba. Ɓarnar ke nan, ba ta bayyana a allon ci, amma tana cin kulob ta ciki kamar gara.

A Arsenal kuwa, fim ɗin da muka kalla a Gauraka ya nuna yadda koci Mikel Arteta ya tuɓe Pierre-Emerick Aubameyang, ɗan ƙasar Gabon, daga kyaftin a watan Disamba na 2021 saboda saɓa dokar kulob, har ya koma Barcelona a Fabrairu na 2022. Sa'ad da aka nuna fim ɗin a watan Agusta, mutumin ya riga ya tafi. Galibin abin da aka ji daga bakin manyan kulob ne. Wannan shi ne abu na biyu da mai kallo zai riƙe: ana ɗaukar hoto wata da watanni, a tace a fitar da na 'yan sa'o'i, kuma mai riƙe da almakashi shi ke zaɓen wanda zai fito da gaskiya.

BA KULLUM AKE ASARA BA

Kada mu yi wa telebijin rashin adalci. Manchester City da na'ura a kansu suka ci kofin Ingila da maki 100, abin da ba a taɓa yi ba a gasar Firimiya, shekara ta zagayo suka sake ci. Arsenal ta ƙare ta 5 a shekarar fim, ta zo ta 2 a ta gaba. Wrexham, ƙaramin kulob na ƙasar Wales da 'yan fim biyu, Ryan Reynolds da Rob McElhenney, suka saya a 2021, ana ɗaukarsu ana nunawa, amma suka hau rukuni sau uku a jere, a 2023 da 2024 da 2025. Sunderland kuwa, da Netflix ta bi a kakar 2017 zuwa 2018, ita ce ta ƙarshe a rukuninta, amma bashi da yawan sauya koci sun riga na'ura isa gidan.

Watau dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda ake cin wasa kuma akwai amana, na'ura ba ta iya kome. Inda akwai ƙullaliya, ita ce ke hana ta warwarewa, don wanda aka kunyata a gaban duniya da wuya ya sauko ya ba da haƙuri.

MU A NAN GIDA

Wani zai ce ina ruwanmu, Amazon ba ta zo Minna ta ɗauki Niger Tornadoes ba, ba ta je Kano ta ɗauki Pillars ba. Gaskiya ne, amma mu tamu na'urar tana aljihun kowane ɗan wasa. A watan Yuni na 2024, bayan Super Eagles sun yi kunnen doki da Afirka ta Kudu kuma Benin ta ci su biyu da ɗaya, aka baza cewa koci Finidi George ya soki Victor Osimhen a kan rashin zuwansa. Osimhen ya kunna wayarsa a Instagram kai tsaye ya zazzage wa kocin magana. Finidi ya musanta cewa ya faɗi abin da aka jingina masa, ya kuma ajiye aikin a cikin watan. Maganar da mutum biyu za su iya kashewa a ɗaki ɗaya ta zama abin kallon miliyoyi.

Amma wayar ta yi rana a watan Oktoba na 2024, da aka bar 'yan wasanmu a filin jirgin saman Al Abraq na Libiya dare guda ba abinci ba makwanci. Hotunan da kyaftin William Troost-Ekong da 'yan'uwansa suka aiko su suka sanar da duniya, daga baya hukumar ƙwallon Afirka ta ba Nijeriya maki 3 ta ci Libiya tara. Bambancin a fili yake: a nan 'yan wasa sun haɗa kai sun nuna zaluncin da aka yi musu, can kuwa ɗaya ne ya tona ɗaya.

ABIN DA YA KAMATA

Ranar da masu telebijin za su zo wa kulob-kulob namu da kuɗi tana tafe, kuma kulob da ke fama da biyan albashi da wuya ya ƙi. Shawarata ita ce a tambayi 'yan wasa kafin a sa hannu, a ba su kasonsu, kowa ya san inda na'ura take, sa'an nan a bar ofishin koci da hutun rabin lokaci ba mai ɗauka. Haka kuma kyaftin ya sa dokar waya a ɗaki.

Ku da ke zaune a Kudu kun fi kowa sanin wannan. In 'yan'uwa biyu sun saɓa a kasuwar Mile 12 ko a zango, gaban Sarkin Hausawa ake kai su a rufe ƙofa, ba tsakiyar titi ba, shi ya sa gobe suke iya cin abinci a kwano ɗaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Dattijon nan direba na Gauraka bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, amma ina ganin ya fi mu fahimtar fim ɗin.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya maishe ku gida lafiya. Sai mako mai zuwa.