Shigar masu harhaɗa magunguna cikin kula da raɗaɗin ciwon daji

Shigar masu harhaɗa magunguna cikin kula da raɗaɗin ciwon daji tsari ne da ake saka masanin magunguna cikin tawagar likitoci da ma'aikatan jinya. Aikinsa shi ne daidaita adadin magani, hana haɗa magungunan da ba sa jituwa, da koya wa majinyaci yadda zai sha.

Matakan magani

A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku: farasitamol ga ƙaramin raɗaɗi, kodin ga matsakaici, sai mofin ga mai tsanani.

Kuɗi da amfani

Ana auna ribar tsarin ta hanyar kwatanta albashin masanin da kuɗin da ake tsimi idan majinyata sun rage komawa asibiti saboda raɗaɗi ko illar magani. Wata hanyar tsimin ita ce narka garin mofin a mayar da shi ruwan da ake sha, wanda ya fi allura araha. Cibiyar Hospice Africa Uganda, da Dokta Anne Merriman ta kafa a 1993, ta shahara da wannan hanya.