Harafi ɗaya ya ruɓar mana da albasa: yadda na koyi Sifaniyanci a bakin iyakar Kiye-Osi

Saƙon ya shigo wayata ne bayan sallar isha'i, muna zaune ni da kawuna a ƙofar gida a unguwar Birkitiri ta Yawunde. Daga wata mata ne 'yar Ebebiyin, cikin Ikwatoriyal Gini, wadda ta daɗe tana sayen albasa a hannunsa. Jimla ɗaya ce tak: "Cuando tenga sitio en el almacén, te aviso."

Kawu ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko, me ta ce?"

Na san "tengo" na nufin "ina da". Da na ga "tenga" sai na ɗauka yatsanta ne ya zame, ta danna "a" a maimakon "o". Na ce, "Kawu, cewa ta yi yanzu tana da wuri a mangaza, shi ya sa take sanar da kai." Kwana uku bayan haka buhu sittin na albasar Marwa suka kama hanya, ta Ebolowa da Ambam har Kiye-Osi.

Da muka kira ta daga bakin iyaka sai ta ce, wa ya ce mu kawo? Mangazarta cike take. Abin da ta rubuta shi ne: "Idan na samu wuri a mangaza, zan sanar da kai." Don mutunci ta karɓi buhu ashirin. Sauran muka yi ta fama da su a cikin danshin kudu, wanda albasar arewa ba ta jimirinsa. Wasu muka karyar da su, wasu kuma sai zubarwa. Kawu bai zage ni ba, kuma da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Kai ne idona a wannan yaren. In kai ma ba ka gani, ka gaya mini."

Abin da na raina a lise

Duk wanda ya yi makarantar ɓangaren Faransanci a Kamaru ya san cewa a ajin katriyem ake zaɓar wani harshen waje, kuma yawanci tsakanin Jamusanci da Sifaniyanci ake zaɓi. Ni Sifaniyanci na ɗauka, don an ce ya fi sauƙin cin maki. Na haddace gaisuwa da ƙirga da sunayen kaya, amma da aka zo babin da suke kira "subjuntivo" sai na ajiye shi gefe, a tunanina ado ne na masu rubuta littafi.

Ashe a kasuwa ya fi aiki. Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yancin kai daga Sifaniya a 1968, ita kaɗai ce ƙasa a kudu da Sahara da Sifaniyanci yake harshen hukuma. Kuɗinmu ɗaya da su tun da suka shiga sefa a 1985. A bakin iyaka ana iya ciniki da Faransanci ko da harshen Fang, tunda ana jin sa ta kowane ɓangare. Amma da zarar magana ta koma saƙon waya ko takarda, da yawa daga cikinsu Sifaniyanci suke rubutawa. A nan ne harafi ɗaya yake zama kuɗi.

Wanda ya warware mini abin wani dattijo ne Bahaushe, haifaffen Bata, da na haɗu da shi a masallaci a Kiye-Osi a daren da muke zubar da albasa. Na nuna masa saƙon. Ya karanta, ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, me ya bambanta 'ya zo' na labari da 'ya zo' na 'ka ce masa ya zo'?"

Na ce, "Baba, na farko an ja shi, ya riga ya faru. Na biyu kuwa so ake ya faru."

Ya ce, "To ka iya abin tun kana goye. Sunansa ne kawai ba ka sani ba."

Hausa ma tana da shi

Masu nahawun Hausa suna kiran wannan siga umartau. Ita ce muke amfani da ita kullum a addu'a da hani da buƙata: in zo, ka zo, ta zo, mu zo. Abin mamaki shi ne, kusan duk inda Bahaushe ya sa ta, mai Sifaniyanci ma a nan yake sa tasa.

"Ina so ka zo" shi ne "quiero que vengas". "Kada ka zo" shi ne "no vengas". "Don ya sani" shi ne "para que sepa". "Kafin ya iso" shi ne "antes de que llegue". Addu'o'insu ma haka suke tafiya: "que Dios te bendiga", Allah ya yi maka albarka. Mara lafiya ana ce masa "que te mejores", wato fatan samun sauƙi. Matafiyi kuma "que te vaya bien", kamar a ce a sauka lafiya.

Bambancin yana iya canza saƙo gaba ɗaya. In ɗan aike ya ce maka "dice que vienes", labari ya ba ka: ya ce wai kana zuwa. In ya ce "dice que vengas", kira ne: ya ce ka zo.

Ƙirar kalmar kanta ba ta da wuya. Ka ɗauki sigar "ni" ta yanzu, ka cire "o" na ƙarshe, ka musanya wasali. Aikatau masu ƙarewa da -ar su ɗauki "e", masu -er da -ir su ɗauki "a". "Compro", ina saye, ya koma "compre". "Vendo", ina sayarwa, ya koma "venda". "Traigo", ina kawowa, ya koma "traiga". Haka "tengo" ya zama "tenga" ɗin da ya kayar da ni. Guda shida ne suka ƙi bin wannan hanya, sai dai hadda: sea, vaya, haya, sepa, dé, esté.

Inda hanya ta rabu

Akwai wuraren da Hausa ba za ta taimake ka ba, kuma a nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe kunne.

Na farko shi ne "cuando". In abin ya saba faruwa, sigar labari ake sawa: "cuando vendo, pago", duk lokacin da na sayar ina biya. In kuwa bai faru ba tukuna, dole a sa umartau: "cuando venda, te pago", idan na sayar zan biya ka. Faransanci a wannan wuri lokaci mai zuwa yake sawa, shi ya sa mu 'yan lise muke faɗawa ramin. Ƙari a kan haka, "te aviso" da "te pago" siffar yanzu suke da ita amma gobe suke nufi.

Na biyu, kalmarmu "idan" tana ɗaukar kaya biyu da Sifaniyanci ya raba. "Cuando venda" na nufin mai maganar yana sa ran zai sayar, ranar ce bai sani ba. "Si vendo" kuwa sharaɗi ne: in an sayar a biya, in ba a sayar ba shi ke nan. Kuma bayan "si" ba a sa umartau na yanzu. Shi ya sa ake cewa "si Dios quiere", in Allah ya yarda, da sigar labari.

Na uku shi ne shakka. "Creo que viene", ina jin yana zuwa. Amma "no creo que venga", ba na jin zai zo. Da zarar an kore tabbaci sai wasali ya juya.

Sai "aunque", wanda Hausa ta fi Faransanci kama shi. "Aunque es caro, lo compro": ko da yake yana da tsada, zan saya, wato ya riga ya san farashi. "Aunque sea caro, lo compro": ko da zai yi tsada, zan saya. Wanda ya gaya maka ta biyun ya nuna maka buƙatarsa a fili.

Kalmar da ta fito daga gidanmu

Baba ne ya fara jawo hankalina ga "ojalá". Asalinta Larabcin Andalus ne, daga furucin da ke nufin "da Allah ya so". Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga 711 zuwa 1492, kuma sun bar kalmomi da yawa a harshen. "Aceite", mai, daga zaitu yake. "Azúcar" ɗan uwan sukarinmu ne. "Alcalde", wanda yau yake nufin magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali. "Aduana" ita ce duwan. "Almacén" ɗin da ke cikin saƙon nan ma Larabci ne, danginsu ɗaya da mangaza. Har "fulano", wanda wani abokina Bafillace ya ji ana faɗa ya ɗauka da shi ake, alhali "wane" kawai yake nufi.

"Ojalá" kullum umartau take ja: "ojalá llueva", Allah ya sa a yi ruwa. Na yi murna da na gane ta, har na fara sa ta duk inda zan ce in sha Allahu. Wata rana na ce wa wani mai saye "ojalá venga mañana", ina nufin zan zo gobe in sha Allahu. Sai ya tambaye ni me zai hana ni. A kunnensu yau kalmar fata ce zalla, irin ta wanda abin ba ya hannunsa, kuma yawancinsu ba sa jin sunan Allah a cikinta. Musulmin da yake son ya yi alkawari ya jingina shi ga ikon Allah, kamar yadda Suratul Kahfi ta hore mu, sai ya faɗi alkawarin kai tsaye ya ƙara da "si Dios quiere".

Kyanwa a madadin zomo

Bayan wasali, abu na biyu da ke kayar da baƙo shi ne salon magana. Ranar da na fara jin "me estás tomando el pelo" na ɗauka batun aski ake, tunda a zahiri "kana ɗaukar gashina" ne. Ma'anarsa: zolayata kake yi. Mai saye yakan faɗe shi in ka tsawwala farashi, ya ƙara da "cuesta un ojo de la cara", ya kai kuɗin ido ɗaya na fuska, wato ya yi tsada ƙwarai.

In aka ce ka ba da "gato por liebre", kyanwa a madadin zomo, zargin algus ake maka, kamar ka jera manyan albasa a bakin buhu ka cusa ƙanana a ƙasa. Wannan ba maganar dariya ba ce, sunanka ake taɓawa. "Estoy sin blanca" ba shi da haɗi da farar fata: blanca tsohon kwabo ne na Sifaniya, mai maganar yana cewa ba shi da ko sisi. "Échame una mano", jefo mini hannu, roƙon taimako ne. Mutumin da "no tiene pelos en la lengua", ba gashi a harshensa, shi ne mai faɗin gaskiya komai ɗacinta. Abin da na yi da albasa kuwa sunansa "meter la pata", tsoma ƙafa inda bai dace ba.

Wasu salon maganar da umartau aka gina su, kuma suna da daɗin riƙewa: "pase lo que pase", ko me zai faru, "cueste lo que cueste", ko nawa zai ci, "sea como sea", ko ta yaya.

Akwai ɗaya da ya kamata Musulmi ya sani ko da ba zai faɗe shi ba: "hay moros en la costa". "Moro" tsohon suna ne da suke kiran Musulmin arewacin Afirka, kuma maganar ta samo asali daga zamanin hare-haren jiragen ruwa a gaɓar Sifaniya. Yau ana nufin a yi hattara, akwai mai saurare a kusa. Mai faɗinta sau da yawa ba da kai yake ba, amma kalmar "moro" ita kaɗai tana iya zama zagi in an jefe ka da ita.

Yadda nake yi yanzu

Na ajiye haddar jadawali. Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta jimloli cikakku, kowace da Hausarta a gefe. In jimlar Hausa ta fito da "in", "ka", "ya" na umartau, na san wasalin Sifaniyanci zai juya. In ta fito da "idan" ko "ba na jin", sai in tsaya in sake dubawa. Saƙon murya kuma ina saurarensa sau biyu, na biyun don ƙarshen kalmomi kawai.

Mafi amfani a cikin abin da na koya tambayoyi ne biyu. Kafin a ɗora buhu ko ɗaya ina rubuta: "¿Ya tienes sitio?", kin riga kin samu wurin? In mai saye ya ce "te pago cuando venda", ina amsa masa da "prefiero que pongamos una fecha", na fi so mu sa rana. Shi ma "pongamos" ɗin umartau ne.

Matar nan ta Ebebiyin har yanzu muna ciniki da ita. A kakar albasa da ta wuce ta rubuto: "Ya tengo sitio. Quiero que traigas cuarenta sacos." Na karanta sau biyu kafin in ɗaga kai. Kawu ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Kawu, 'o' ne wannan karon. Ta samu wuri, kuma tana so ka kawo buhu arba'in." Ya ce in sake kiranta duk da haka, na kuwa kira.