Hokin ƙanƙara: Yadda mai tsaron raga ke tarbar ɗan wasan da ya nufo shi

A wasan hokin ƙanƙara, wanda ƙasar Kanada ta shahara da shi, faɗin raga mita 1.83 ne, tsayinta mita 1.22. Ragar ƙarama ce, amma faifan robar da ake bugawa da sanda kan yi gudun da ya wuce kilomita 150 a awa.

Idan ɗan gaba ya kuɓuce wa masu tsaron baya, gola kan fito gaba kaɗan domin rage masa filin harbi, sannan ya riƙa ja da baya daidai da gudunsa. In ya yi gaggawar komawa, ya buɗe raga. In ya makara, a kewaye shi.

Da abokin hamayya ya iso, gola kan durƙusa kan gwiwoyinsa ya baje ƙafafu gefe, ya toshe ƙasan raga. Wannan salo, da ake kira malam-buɗe-littafi, Patrick Roy ne ya yaɗa shi a ƙungiyar Montreal Canadiens a shekarun 1980. Illarsa ita ce wanda ya durƙusa da wuri ya bar saman raga a buɗe.

Wani lokaci gola kan miƙa sandarsa ya zungure faifan. In ya kuskure, babu kowa a bayansa.