Dalilin Da Ya Sa Lafiyayyen Abinci Yakan Tayar Wa Wani Da Ciki

Akan kawo ƙara gaban Hakimi, a ce wane ya ci tuwo a gidan wane, kafin ya wanke hannu cikinsa ya murɗa, ya kama amai, leɓunansa suka kumbura. Nan da nan sai zargi ya faɗa kan wadda ta yi girki, a ce guba ce ko sammu. Alhali kuwa su biyar suka ci a akushi ɗaya, huɗu ba abin da ya same su. Ya kamata Hakimai da malamansu su san asalin wannan abu, domin kada a tozarta wadda ba ta da laifi.

Hanjin mutum kamar ƙofar gari ne ran kasuwa, kullum baƙi na shiga. A jikin bangonsa akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu tsaro, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Waɗansunsu sukan ɗauki ɗan gutsuren abin da aka ci su kai wa manyansu, su kuwa su yanke hukunci. Ga yawancin mutane hukuncin shi ne a bar baƙo ya wuce. Amma ga wani sai a yi kuskure, a ɗauki gyaɗa ko ƙwai tamkar abokin gaba. Sa'an nan jiki ya ƙera wani makami da likitoci ke kira IgE, ya rarraba shi ga dogaran hanji, watau ƙwayoyin mast, waɗanda Bajamushen nan Paul Ehrlich ya fara bayyanawa a 1878. A wannan karo mutum ba ya jin kome.

Ran da abincin ya komo, dogaran nan sai su gane shi, su zubar da wani sinadari mai suna histamin. Shi ke sa hanji ya matse, ruwa ya kwararo cikinsa, jijiyoyin jini su buɗe. Ga murɗar ciki ke nan, da amai, da zawo, da borin jini, galibi daga 'yan mintoci zuwa sa'a biyu. Abin mamaki, ana ganin ainihin aikin dogaran nan yaƙi da tsutsar ciki ne, kora ta suke yi da zawo. Kuskuren abokin gaba kawai suka yi.

An tabbatar da wannan tun 1921. Wani likita a Jamus, Heinz Küstner, ba ya cin dafaffen kifi ya zauna lafiya. Abokin aikinsa Carl Prausnitz ya ɗebi ruwan jininsa, ya yi wa kansa allura da shi a fata. Kashegari ya sa ruwan kifi a daidai wurin, sai wurin ya tashi ya yi ja. Ashe cutar a jinin mai ci take, kifi kuwa lafiyarsa lau. Makamin kansa ba a gano shi ba sai a 1966, a Amurka.

Abincin da ya fi jawo wannan shi ne gyaɗa, da madarar shanu, da ƙwai, da kifi, da riɗi, da alkama. A ƙasarmu gyaɗa ce ta fi wuyar gudu, gama tana ɓoye cikin ƙuliƙuli da yajin tsire da miyar taushe, dafuwa kuma ba ta karya ta, ko kaɗan ce ta isa. Amma kumburin cikin da babba kan yi in ya sha madara, wannan daban ne: kasa narkar da sukarin madara ne, ba ya kisa.

In magana irin wannan ta zo, sai Malamin Hakimi ya rubuta abin da aka ci, da lokacin da ciwo ya fara, da ko ya taɓa samun mutumin a kan abincin nan. In mutane da yawa suka kwanta tare, lalle a tuhumi ruɓaɓɓen abinci ko ruwan sha. In shi kaɗai ne, a kai shi likita ya duba. Amma in numfashi ya sarƙe, ko murya ta shaƙe, ko ya suma, to, a bar bincike tukuna. A kwantar da shi, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa, kada a ɗura masa kome, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, inda za a yi masa allurar adirenalin a cinya. Hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa wannan.