Abubuwan da ke jawo ƙarancin ƙwayoyin maniyyi da rashin haihuwa ga maza

Idan aure ya shekara biyu ko uku ba a ji kukan jariri ba, mace ake fara zura wa ido. Ita ake kai wa asibiti da wurin masu magani, wani lokacin ma a yi mata kishiya ko a sallame ta. Sai dai binciken likitoci ya nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai matsala daga ɓangaren miji, ko dai shi kaɗai ko tare da matar.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayyana rashin haihuwa da cewa shi ne ma'aurata su shafe wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da amfani da wata hanyar hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai shiga ba. A rahoton da ta fitar a watan Afrilun 2023, hukumar ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya kan fuskanci matsalar a rayuwarsa.

Abin da ke ruɗar maza da dama shi ne ɗaukar ƙarfin mazakuta a matsayin shaidar haihuwa. Ruwan maniyyi daban, ƙwayoyin da ke cikinsa daban, kuma ido ba ya ganin su. Namiji zai iya gamsar da iyalinsa, ya fitar da ruwa mai kauri, alhali ƙwayoyin sun yi ƙaranci ko babu su sam. A ma'aunin da WHO ta sabunta a 2021, ana sa ran samun aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita ta maniyyi, kashi 42 cikin 100 nasu suna motsi.

Cikin sanadan da likita ke iya gyarawa, wanda aka fi samu shi ne kumburin jijiyoyin jini na maraina, galibi a ɓangaren hagu. Jini kan taru a wurin ya ɗumama maraina, alhali suna buƙatar sanyin da ya yi ƙasa da zafin jiki kafin su samar da ƙwayoyi masu lafiya. Kimanin kashi 15 cikin 100 na maza na da wannan lalura, yawancinsu ba tare da jin ciwo ba, kuma ƙaramar tiyata kan taimaka.

Sai kuma cututtuka. Ciwon sanyi da sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, idan ba a yi maganinsu yadda ya kamata ba, sukan bar tabon da ke toshe hanyar da ƙwayoyin ke bi. Hangum idan ya kama namiji bayan balaga yakan sauka cikin maraina ya kumbura su. Tarin fuka da tsargiya ma kan taɓa gaɓoɓin haihuwa. Ciwon sikila, wanda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi, na rage yawa da ingancin ƙwayoyin, yayin da ciwon suga kan sa maniyyi ya koma mafitsara maimakon ya fito waje.

Wasu kuwa da lalurar aka haife su. Akwai jariran da marainansu ba sa saukowa, kuma idan aka yi jinkirin tiyata har yaro ya girma, illar kan bi shi zuwa gidan aure. Akwai kuma matsalolin ƙwayoyin halitta da na sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aikawa domin umartar maraina su yi aiki.

Yanayin rayuwa na da nasa kason. Taba sigari, shisha, wiwi, barasa da ƙiba duk suna raunana ƙwayoyin maniyyi, haka ma yawan shan tiramol da kodin. Allurar sinadarin testosteron da magungunan gina tsoka, waɗanda wasu ke sha domin ƙarin kuzari, kan sa jiki ya dakatar da samar da ƙwayoyin gaba ɗaya. Masu aikin da ke sa su daɗe kusa da wuta ko a zaune, kamar masu gasa burodi, maƙera da direbobin doguwar tafiya, da masu mu'amala da dalma ko feshin maganin ƙwari ba kariya, su ma suna cikin haɗari.

Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha. Ana buƙatar ya ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, sannan ya ba da maniyyi a duba cikin awa ɗaya. Sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci, domin jiki na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya kammala samar da sabbin ƙwayoyi, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya rage su na ɗan lokaci. Shi ya sa likitoci ke maimaita gwajin, kuma duk wani magani ko sauyin rayuwa sai ya kai kusan wata uku kafin a ga amfaninsa.

Ko da ƙwayoyin sun yi ƙaranci ƙwarai, tun 1992 likitoci ke iya cusa ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifa. Sai dai aikin na da tsada, kuma yawan shekarun mace na rage yiwuwar nasararsa. Don haka likitoci ke ba da shawarar miji da mata su je asibiti tare da zarar an cika shekara, ko wata shida idan matar ta haura shekara 35.